Nna Ferruja da Matan Talata

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin da ke hawa zuwa gindin dutsen Guraya ranar Talata da safe, ya ga Nna Ferruja; Nna muke kiran babbar mace don girmamawa, Dda kuma babban namiji. Ita ce gajeruwar tsohuwar nan da ke zama bayan direba, sanda tsakanin gwiwoyi, takalmin 'yan ƙwallo na leƙowa daga ƙarƙashin doguwar rigarta.

Ba a nan birninmu na Bijaya aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce can kan tsaunuka, inda ko ɗiban ruwa za ka je sai ka hau ka gangara. Tun tana 'yar shekara bakwai take bin awakin babanta, ta san ganyen da ake ci, ta san wanda ke kumbura cikin akuya. Tana da shekara ashirin ta auri Dda Mezyan, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya kawo ta birni ya ajiye ta a hawa na huɗu na wani bene a unguwarmu, Ihaddaden. Ta haifa masa 'ya'ya uku. Da autar ta shiga makaranta, ita ma ta samu aikin girki a wata firamare, inda ta shekara ashirin da bakwai tana juya tukunyar wake wadda ta kusa kai ta tsawo.

A duk shekarun nan sau uku ta hau Guraya, duk a motar wani ɗan'uwan mijinta, ranar ziyarar hubbaren da ke kan dutsen. A je sama, a yi addu'a, a ci kuskus, a cusa yara a mota a dawo. Dda Mezyan ba mai yawo ba ne. In ta ce su fita shan iska, sai ya miƙe ƙafa ya ce, "Ni da na wuni da buhu a kafaɗa? Iskar da na shaƙa yau a bakin ruwa ta ishe mu mu biyu."

Ta ajiye aiki tana da shekara sittin. Shekara ba ta zagayo ba Dda Mezyan ya rasu. 'Yan matan biyu suna gidajen aurensu a wasu garuruwa, sai Majid, babban ɗanta, da matarsa suke zaune da ita. Jiki ya yi mata nauyi, ƙishirwa ba ta ƙarewa. Da aka je asibiti aka ce ciwon suga ne. Likita ta ce ta rage gurasa, kuma ta riƙa tafiyar awa guda kullum.

Kwana goma ta yi tana zagaya benayen unguwa, kai a ƙasa kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi. Ga hayaƙin motoci, ga mazan da ke zaune a shagon gahawa suna bin ta da ido. Rana ta sha ɗaya ta ce ita kam ta gaji, sugan ya yi abin da zai yi.

Wata Talata cikin watan Maris ta je karɓar magani. Tana tsaye tana jiran bas ɗin unguwa, sai wani ya tsaya ana kiran "Guraya, Guraya!" Har yau in an tambaye ta me ya sa ta shiga, cewa take yi ƙafarta ce ta gaji da tsayuwa kuma akwai kujera. Bas ya yi ta hawa, mutane na sauka ɗaya bayan ɗaya, har gidaje suka ƙare aka shiga itatuwa. Direban, wani mai ƙaton tumbi da ake kira Bu'alam, ya kashe mota ya waiwayo.

"Nna, nan ne ƙarshe fa. Ko mun wuce gidanki kina gyangyaɗi?"

"Na san gidana. Waccan 'yar hanyar, ina ta nufa?"

"Sama."

"Saman ina?"

"Wallahi ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina sauke mutane a nan. Su su hau, ni in juya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ba ka da ƙafa ne?"

"Ina da su, Nna, amma duk suna da aiki. Ɗaya na kan birki, ɗaya na kan totur." Ya ga da gaske sauka za ta yi, sai ya ɗaga murya. "Na ƙarshe ƙarfe biyar ne! In ya wuce ki, sai ki kwana da birai!"

Da takalmin zuwa asibiti ta hau, mai santsin ƙasa. Ba ta yi taku ɗari ba numfashi ya fara yi mata gardama. Ta tsaya, ta dafa wani icce, sai hancinta ya kama ƙamshin wani ganye. Ta tsinko ta murza a tafin hannu. Shi ne wanda innarta ke jefawa cikin tulu don ruwa ya yi daɗi. Rabonta da shi shekara arba'in. Ta cusa a aljihu ta ci gaba. A wata kwana wani ƙaton biri ya diro gabanta, ya fizge ledar hannunta, ya haye dutse. Ya zazzage maganin sugan a ƙasa, ya ɗauke gurasar da ke ciki ya bar mata sauran. Ta tsince ƙwayoyinta tana zaginsa da zagin ƙauyensu, wanda ita kanta ta ɗauka ta manta.

Bayan kamar awa guda itatuwan suka buɗe. Ga teku shimfiɗe har iyakar gani, ga gari can ƙasa, ga tashar jiragen ruwa da ƙarafunan ɗaga kayanta kamar tsinken sakace. Ta samu dutse ta zauna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mezyan, ga inda ka ƙarar da ƙarfinka. Ashe bai fi tafin hannu ba." Ta yi kukan da ba ta samu yi ba ranar zaman makoki saboda hidimar baƙi. Da ta gama ta share fuska, ta gangaro, ta samu bas ɗin ƙarfe uku.

Kwana uku ba ta iya sauka bene ba don ciwon cinya. Majid ya yi ta faɗa.

"Yemma, ke kaɗai a daji! In kin faɗi fa? Me mutane za su ce, ɗanta na nan ya bar ta tana yawo a dutse? Ki bari in samu hutu, in ari mota in kai ki."

"Babanka ma haka ya ce, ranar da aka yi sunanka."

"Ai ba haka nake nufi ba."

"Bas dinari ashirin ne, kuma ba ya jiran kowa ya samu hutu. In kana son ka taimake ni, ba ni takalman nan naka da ka daina buga ƙwallo da su."

Sun yi mata yawa. Ta cusa auduga a gaba ta ɗaure.

Daga nan Talata ta zama tata. Cikin shekara guda ba wata 'yar hanya a wannan gefen dutsen da ba ta taka ba. Ta ɓata sau biyu, sau ɗaya har ta ɓulla wani ƙauye ta bayan dutse, inda ta gano ashe can ma akwai ƙaramin bas mai komawa gari. Ba ta iya karatu ba, don haka allunan da malaman daji suka kafa ba su amfane ta da komai ba. Da bas take auna hanya. Wannan, in ka sauka daga na ƙarfe takwas, za ka dawo ka samu na azahar. Waccan mai zuwa hasumiyar fitilar jiragen ruwa, sai na la'asar, in ba ka tsaya surutu ba. Ta san inda maɓuɓɓuga take, da watan da take ƙafewa. Sugan ya sauka har likita ta tambaye ta ko ta canza magani. Matan bene biyu suka fara bin ta, sannan huɗu.

Wadda ta fi so ta biyo ta kuwa ba ta ko leƙo ƙofa ba. Nna Jejjiga ke nan, maƙwabciyarta ta hawa na uku, wadda suka yi goyon 'ya'yansu tare. Shekara biyu kafin nan ɗanta Masin, mai shekara ashirin da huɗu, ya shiga kwalekwale da wasu samari goma sha ɗaya za su tsallaka Turai. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba gawa, ba waya. Tun daga ranar Jejjiga ta rufe tagar ɗakinta mai kallon teku ta jingine kabad a jiki. Ta daina cin kifi, ta daina zuwa biki, ta rame har zoben aurenta na zamewa.

Ferruja ta sauko wata Litinin da farantin ɓaure ta same ta zaune a duhu da rana tsaka.

"Gobe za ki raka ni."

"Ina?"

"Kin sani. Jiri nake ji kwanan nan. Waɗancan matan in na faɗi ihu kawai za su yi. Ke ce mai ƙashin ɗaga ni."

"Ƙarya kike yi, Ferruja. Ke da kike hawa benen nan kamar akuya."

"To ƙarya nake yi. Za ki zo?"

Jejjiga ta ce, "Ana ganin ruwan?"

"Ana gani. A wannan kam ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwai hanyar da ta bi ta bayan dutse, ba komai sai itatuwa da birai. Ta nan za mu bi. Ranar da kika hango ko ɗigon ruwa, ki tsine mini."

Ba ta zo washegari ba, ba ta zo Talatar da ta biyo ba. A ta uku Ferruja ta buɗe ƙofa da safe ta same ta tsaye a matakala, da gyale da ledar gurasa, fuska a murtuke kamar wadda za a kai kotu. A cikin bas ta zauna ɓangaren da ba ya kallon teku. Bu'alam ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, Ferruja ta harare shi ta madubi, ya haɗiye abarsa.

Wata bakwai suna bin hanyar bayan dutse su biyu, sauran matan su bi tasu a haɗu a tasha. Da farko Jejjiga ba ta magana. Daga baya ta fara gardama kan ganye, wai wanda Ferruja ke cewa na ciwon ciki, a garinsu na tari ne. Ta fara cinye gurasarta har ta sa hannu a ta Ferruja. Wata rana biri ya sace mata gyale ya ɗaura a ka, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta kama bakinta kamar ta yi saɓo.

Wata ranar Talata cikin Nuwamba, suna sauka daga bas, Jejjiga ta ce, "Yau ta hasumiya za mu bi."

"Kin san hanyar nan a bakin ruwa take tun daga farko har ƙarshe?"

"Na ce ta can za mu bi. Ko kin kurumce?"

Hanyar hasumiya an sare ta ne a jikin dutse. Hagu bango, dama ba komai sai iska da ruwa can ƙasa yana dukan duwatsu. Jejjiga ta kama ɗamarar Ferruja ta baya, ta juya fuska ga bango, tana tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Ferruja ba ta ce mata komai ba, sai "akwai dutse," "ɗaga ƙafa," "sunkuya." Tafiyar awa ɗaya da rabi ta ci musu uku.

Da suka kai ƙarshe, inda ƙasa ta tsaya ruwa ya kewaye ta ta gefe uku, Jejjiga ta saki ɗamarar. Ta juya a hankali ta buɗe ido. Ranar teku a kwance yake, shuɗi, ko kumfa babu.

"Dube shi," in ji ta. "Dube shi yadda ya yi lamo, kamar bai san komai ba."

Sai ta fara. Ta zage shi, ta kira shi ɓarawo, maci amana, mara kunya. Ta ɗebi duwatsu tana jifa, ba ko ɗaya da ya kai ruwan. Ta kira sunan Masin har muryarta ta dushe. Ta gaya masa ta ajiye masa rigarsa ta sanyi, ta gaya masa ƙanwarsa ta haihu, namiji, an sa masa sunansa. Ferruja ta koma gefe ta zauna ta ba ta baya. Ta ga rana na karkata, ta san lokacin bas na tafiya, ta ƙudura a ranta ko da ƙafa za su koma gari ba za ta ce mata "tashi" ba.

Sai da Jejjiga ta gaji don kanta ta zo ta zauna kusa da ita. Can ta ce, "Akwai sauran zaitun ɗin nan?" Suka ci, suka sha ruwa, suka yi sallar la'asar a kan dutsen. A komowa Jejjiga ba ta riƙe kowa ba.

Biyar da rabi ta wuce lokacin da suka hango tasha. Ga bas a tsaye, murfin inji a ɗage, Bu'alam ya tura kai ciki, fasinjoji sun kewaye shi suna masifa. Wani mai jakar ofis yana cewa zai kai ƙara. Sauran matan Talata huɗu suna tsaye gefe, sun yi fuskar marasa laifi.

"Inji ya ɗau zafi, jama'a, me kuke so in yi? In hura masa baki?" Yana hango su ya maida murfi ya buga, ya goge hannu. "Alhamdu lillahi, ya huce. Ku shiga."

Mai jakar ofis ya ce, "Ikon Allah. Yana ganin tsofaffi ya huce."

"Haka yake, yallaɓai. Injin nan yana da ladabi."

Da Ferruja ta zo wucewa ta kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Nna, shida na kawo, huɗu suka dawo. Kada ki ƙara yi mini haka, ina da hawan jini."

"Da kana hawa dutse da ba ka da shi."

Labarin Masin bai zo ba, har yau. Jejjiga ba ta koma cin kifi ba. Amma ta sa an janye kabad ɗin, kuma ta je sunan jikar Ferruja har ta yi guɗa.

Matan Talata suka yi ta ƙaruwa. Wata ta kawo yayarta, wata ta kawo uwar mijinta don a samu lafiya a gida. Suka kai ashirin da wani abu, har Bu'alam ya ce ranar Talata bas ɗinsa ba ya jin ƙarar injinsa. Kowace na zuwa da leda biyu, ɗaya ta abinci, ɗaya ta tsince robobin da 'yan yawon Juma'a suka zubar. Ta haka malaman daji suka san da su. Wata jami'arsu, Malama Tiziri, ta zo har gida da ƙatuwar taswira ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, ta ce suna so su kafa allo a tashar bas mai nuna hanyoyi, ko Nna za ta duba.

Ferruja ta kalli takardar ta ce, "'Yata, wannan zanen ban san kansa ba. Amma gaya mini, awa nawa kuka rubuta wa hanyar hasumiya?"

"Awa ɗaya."

"Wa ya auna?"

"Ɗaya daga cikin ma'aikatanmu."

"Shekararsa nawa?"

Malama Tiziri ta yi dariya. "Ashirin da shida."

"To ku rubuta nasa, ku rubuta nawa a ƙasa. Kuma ku sa lokacin bas na ƙarshe da manyan baƙaƙe, na rani daban na sanyi daban. Wanda ya zo da mota ba ruwansa. Mu ne za mu kwana a nan."

Talata huɗu jami'ar ta bi su da agogo da littafi. Allon da ke tashar yanzu, kowace hanya lokaci biyu ne a gabanta, na mai sauri da na mai tafiya a hankali.

Shekarar da ta cika saba'in gwiwar dama ta ƙi. Aka yi mata aiki, likita ya ce ta manta da hawan dutse. Wata huɗu tana kwance, Jejjiga ce ke jagorantar matan. Duk Talata da yamma sai ta hauro ta ba da rahoto, Ferruja na kushewa.

"Ta ina kuka bi?"

"Ta maɓuɓɓuga."

"A watan Agusta? Ai ta ƙafe! Kin kai mata su sha ƙasa?"

"Mun tafi da ruwa. Ke dai baƙin ciki kike yi an iya ba ke."

Gaskiya ne, kuma ta sani. Ta yi kwanaki tana jin haushin kowa. Amma tana kwancen ne ta tuna da wata tsohuwar hanya da ta taɓa gani, wadda ta tashi daga bayan tasha ta bi gefen dutse a miƙe, ba hawa ba gangara, ƙaya ta cinye ta. Ta aika aka kira Malama Tiziri. Da kaka malaman daji suka sare ƙayar, matan Talata suka kwashe duwatsu, wani kafinta a unguwa ya ba da benci uku.

Yanzu in bas ɗin ƙarfe takwas ya tsaya, kashi biyu ake rabuwa. Masu ƙafa su bi Jejjiga sama. Sauran, waɗanda Ferruja ke kira "rundunata," su bi ta ta miƙaƙƙiyar hanya: masu ciwon gwiwa, mai ciki wata takwas, wata makauniya da ke riƙe da gefen gyalenta. Har maza sun fara shiga. A cikinsu akwai Dda Buzid, tsohon mai gyaran taragon jirgin ƙasa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama bara. Matarsa ce ta kawo shi, yana jan ƙafar hagu yana ƙunƙuni, wai an mai da shi abin kallo. Makon farko taku talatin ya yi ya ce a mai da shi mota. Talatar da ta wuce ya kai benci na farko, cikin minti arba'in. Ya zauna yana haki, gumi har cikin ido, ya ɗaga sandarsa ya nuna gaba.

"Na biyun, yana da nisa?"

"Ya ninka wannan," in ji Ferruja.

"Mako mai zuwa."

"Mako mai zuwa ka sake zuwa wannan, ba tare da ka zagi matarka a hanya ba. Sannan mu yi maganar na biyu."

Matar ta ce ai in wannan ne sharaɗin, sai dai a shekara a bencin farko. Dda Buzid ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi. Ferruja ta kwance ƙullin gurasa da man zaitun, ta gutsura ta miƙa wa makauniyar tukuna, sannan ta zagaya da sauran.